Kansar huhu, mutuwar Robert Sobukwe, da tarin Baba da ya ƙi jin magani

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ka ce ka karanta labarin Robert Sobukwe, ɗan gwagwarmayar Afirka ta Kudu da kansar huhu ta yi ajalinsa yana da shekara 53, kana son sanin shin cutar ce ta kashe shi ko kuwa kurkukun Turawa ne, sannan ka ce Baba yau wata huɗu kenan yana shan maganin tarin fuka, wato tibi, amma tarin bai lafa ba, sai rama yake yi, muryarsa ta dishe, kuma ya shekara da shekaru yana shan taba kafin ya bari. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Bari in fara da wanda ba zai jira ba. Dattijo, tsohon mashayin taba, wata huɗu a kan maganin tibi ba sauƙi, ga rama ga dishewar murya, mu masu duba ciwon ƙirji ba ma cewa a bari ya cika wata shidan tukuna a gani. Ban ce maka kansa ce ba, ba a gane ciwo ta waya, zai iya zama tibi mai bijire wa magani, zai iya zama wani abu daban, amma dai a cikin makon nan ya kamata a koma asibiti. Zan faɗa maka abin da za ku nema in mun zo wurin.

Huhu biyu ne a ƙirjin mutum, na dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu saboda zuciya ta ci wuri a ɓangaren. Iska tana bi ta maƙogwaro, bututun ya rabu biyu, kowanne ya yi ta rassa ƙanana har su ƙare a wasu 'yan jakunkuna miliyoyi inda jini ke ɗaukar iskar. Cikin bututun nan a shimfiɗe yake da ƙwayoyin halitta masu mutuwa suna sabuntawa bisa tsari, kowacce da umarnin da ke cikinta na yaushe za ta rabu, yaushe za ta tsaya. To hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo kansa, kuma aikinsu shi ne ɓata wannan umarnin kaɗan-kaɗan, yau a ɓata nan gobe can, jiki yana gyarawa ana sake ɓatawa, har bayan shekara 20 ko 30 a samu ƙwaya ɗaya da ta daina jin a tsaya. Ita ce za ta yi ta hayayyafa ta zama ƙari. Shi ya sa wanda ya bar taba tun shekara goma da suka wuce bai fita daga hatsarin kwata-kwata ba, duk da cewa barin yana rage shi sosai, bayan shekara 10 zuwa 15 yana komawa kusan rabin na wanda ya ci gaba da sha.

Abin da ya sa wannan kansa ta fi sauran kisa shi ne naman huhu ba shi da jijiyar jin zafi. Ƙari zai iya kai girman lemon tsami mutum yana zuwa kasuwa yana sallarsa a tsaye bai ji komai ba, kamar yadda gara ke cinye azara ta ciki, waje lafiya lau, sai ranar da rufin ya lotsa. Sai ya taɓa tantanin da ya lulluɓe huhun, ko haƙarƙari, ko ya toshe bututu, ko ya yi tsalle zuwa wani wuri kafin a ji shi. Wuraren da ya fi zuwa su ne kaluluwar tsakiyar ƙirji da ta wuya, ƙashi, hanta, ƙwaƙwalwa, da wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda. A ƙididdigar duniya ta 2022 kusan mutum miliyan 2.5 ne suka kamu a shekarar, kusan miliyan 1.8 suka mutu, babu kansar da ta kai ta kashe mutane. Kuma a Amurka inda suke da komai, wanda aka gano tasa tun ba ta bar huhu ba, sama da 60 cikin 100 suna kaiwa shekara biyar, wanda kuwa ta riga ta bazu zuwa nesa, kusan 10 cikin 100 ne ko ƙasa da haka. Cuta ɗaya ce fa, bambancin lokacin da aka gano ta ne kawai.

Iri biyu ne manya. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, kusan kashi 15 cikin 100, wannan kusan kullum ta masu taba ce, tana da gudu, sau da yawa kafin a gano ta ta bazu, tana jin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, da farko amma tana dawowa. Sauran kashi 85 ɗin su ne waɗanda ba masu ƙananan ƙwayoyi ba, a cikinsu akwai adinokasinoma wadda ta fi yawa yanzu kuma ita ce ake gani har a jikin matan da ba su taɓa riƙe karan sigari ba.

Maganar taba ba zato ba ne. Tun 1950 Richard Doll da Bradford Hill a Ingila, da Ernst Wynder da Evarts Graham a Amurka, suka nuna alaƙar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu cutar taba ce sila. Mashayi ya fi wanda ba ya sha hatsari sau 15 zuwa 30. Matar da ke kwana ɗaki ɗaya da mashayi nata hatsarin yana ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Shisha kuma da samarinmu suka ɗauka wayewa ce, wai ruwa yana tace hayaƙin, wallahi ba ya tacewa, sanyaya shi kawai yake yi ka ƙara zuƙa da zurfi, ga hayaƙin gawayin a kai. Bayan taba akwai hayaƙin dizal wanda hukumar binciken kansa da ke Lyon a Faransa ta sa cikin tabbatattun masu jawo kansa a 2012, da gurɓatacciyar iskar gari a 2013, akwai ƙurar dutse da masu fasa dutse da masu haƙar zinare ke shaƙa ba ko ƙyalle a hanci, akwai hayaƙin icce a rufaffen kicin da iyayenmu mata ke zama ciki shekara 40, akwai wata iska mai suna radon da ke fitowa daga ƙasa ba wari ba launi, akwai asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ake haƙowa, sannan tabon tsohon tibi shi ma yana ƙara hatsarin.

Yanzu ga inda matsalarmu take. Alamomin kansar huhu su ne tarin da ya wuce mako uku ko tsohon tarin da ya canza sauti, jini a kaki, rama, rashin cin abinci, haki, ciwon ƙirji, kasala. Ka sake karanta su, ai su ne alamomin tibi sak. Kuma tunda tibi ya yi mana yawa, ma'aikacin lafiya in ya ga inuwa a hoton ƙirji tunaninsa na farko tibi ne, kuma sau da yawa yana da gaskiya. Inda ake kuskure shi ne in gwajin kaki bai nuna komai ba a ce duk da haka a fara magani, wata biyu ba sauƙi a ce a yi haƙuri, wata shida su cika a ce a sake zagaye na biyu. Ana kawo mana dattawa da leda cike da katin shan magani an yi masa alama kullum ba fashi, mutum ya yi biyayya iya biyayya, ka kama hannunsa ka ga kan yatsun sun kumbura sun yi dunƙule, farcen ya lanƙwasa ya rufe su, ka taɓa saman ƙashin wuya ka ji kaluluwa mai tauri ba zafi ba ta motsi, ka san an yi shekara ana harbin abin da ba shi ba ne. Dishewar murya da ka ambata tana cikin abin da ke tayar mana da hankali, saboda akwai jijiyar da ke motsa maƙogwaron murya wadda a ɓangaren hagu sai ta sauka cikin ƙirji ta zagayo kafin ta hau, in ƙari ya danne ta muryar sai ta tafi ba tare da mura ba. Tibi ma yana iya kama maƙogwaro ya dishe murya, shi ya sa sai an duba.

Wannan rikita tibi da kansa ba mu muka fara ba, kuma abin mamaki ɗaya daga cikin shahararrun labaransa a garin Kimberley ya faru, garin da Sobukwe ya mutu. A shekarun 1950 wani likita mai suna Sleggs da ke shugabantar asibitin tibi na West End a can ya lura cewa magungunan tibi da suka fito a lokacin suna warkar da masu ruwa a ƙirji, amma waɗanda aka kawo daga yammacin garin, wajajen Kuruman da Prieska, ba sa tashi, mutuwa suke yi. Bai ce a ƙara musu wata shida ba, ya nemi a duba naman. Shi da Wagner da Marchand suka buga sakamakon a 1960, mutum 33 masu kansar tantanin huhu da ake kira mesotiliyoma, kuma in ban da guda ɗaya dukkansu sun shaƙi ƙurar shuɗin asbesto da ake haƙa a yankin, wasu ma ba su taɓa aiki a mahaƙar ba, suna yara ne suka yi wasa a kan tulin sharar. Ƙasar ba ta haramta asbesto gaba ɗaya ba sai 2008. Ban ce asbesto ne ya kama Sobukwe ba, tasa kansar huhu ce, na kawo shi ne don ka ga abin da tambaya ɗaya ta "me ya sa wannan bai warke ba" take iya tonowa.

Shi Robert Mangaliso Sobukwe an haife shi ranar 5 ga Disamba 1924 a Graaff-Reinet, ɗan talakawa ne. Ya yi makarantar mishan ta Healdtown, kuma a 1943 tibi ya kwantar da shi a asibiti har karatun ya tsaya na wani lokaci. Ya shiga jami'ar Fort Hare a 1947, ya shiga reshen matasa na ANC, babbar ƙungiyar neman 'yancin baƙar fata, a 1948, shekarar da jam'iyyar National ta hau mulki ta mayar da wariyar launin fata cikakkiyar doka, a 1949 ya zama shugaban ɗalibai. Ya koyar a Standerton, a 1954 ya auri Veronica Mathe wadda nas ce, kuma a shekarar ya samu aikin koyar da harsunan Afirka a jami'ar Witwatersrand, daga nan mutane suka riƙa ce masa Prof. Ka ga baƙar fata mai irin wannan aikin a Johannesburg ta wancan zamani ya tsira da rufin asirinsa in ya so ya yi shiru.

Bai yi shirun ba. Shi da abokansa sun saɓa da ANC a kan takardar 'yanci ta 1955 da ta ce ƙasar ta duk mazaunanta ce baƙi da farare, su a ganinsu ba a daidaita wanda aka ƙwace wa ƙasa da wanda ya ƙwace tun ba a mayar ba, kuma baƙar fata ne ya kamata su ja ragamar 'yantar da kansu. 'Yancin Gana na 1957 da Nkrumah sun yi tasiri a kansu sosai. Suka fice suka kafa tasu ƙungiyar mai suna PAC a Afrilun 1959 a Orlando, shi ne shugaban farko. An yi ta yi masa sharri cewa yana ƙin Turawa, amma a jawabinsa na ranar ya ce jinsi ɗaya ne kawai, jinsin ɗan Adam, kuma ɗan Afirka shi ne duk wanda biyayyarsa ga Afirka take kuma ya yarda da mulkin mafi rinjaye. Za ka iya saɓa masa a siyasa, mutanen kirki da yawa sun saɓa masa, amma wanda ya faɗi haka ba mai wariya ba ne.

Abin da ya sa a gaba shi ne takardar fas. Wani ɗan littafi ne da doka ta 1952 ta wajabta wa duk baƙar fata namiji daga shekara 16 ya riƙe a aljihu dare da rana, da hotonsa da sa hannun ubangidansa da hatimin izinin zama, ba ka da ikon wuce awa 72 a birni in ba hatimin, ɗan sanda ya tare ka a ƙofar gidanka ka ce yana cikin ɗaya rigar, sai mota. Sobukwe ya ce ranar 21 ga Maris 1960 kowa ya bar fas ɗinsa a gida ya kai kansa ofishin 'yan sanda ya ce a kama shi, ba beli, ba lauya, ba biyan tara. Kafin ranar ya rubuta wa shugaban 'yan sandan ƙasar cewa ba za a yi tashin hankali ba, ya roƙi a ja wa 'yan sanda kunne. Kuma bai tura 'ya'yan mutane ya zauna a ofis ba, ya ajiye aikin jami'a, da safe ya taka da ƙafa daga gidansa a Mofolo zuwa ofishin 'yan sanda na Orlando ya miƙa kansa. A ranar ce a Sharpeville 'yan sanda suka buɗe wuta, a lissafin hukuma mutum 69 suka mutu, kusan 180 suka ji rauni, da yawa a baya harsashin ya same su suna gudu. Ranar 8 ga Afrilu aka haramta PAC da ANC duka. Wannan ranar ta 21 ga Maris ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1966 don yaƙi da wariyar launin fata.

An ɗaure shi shekara uku. Da wa'adin ya cika a Mayun 1963 sai majalisar Turawan, lokacin Vorster ne ministan shari'a, ta yi doka mai wani sashe da ya ba da damar ci gaba da tsare mutum bayan ya gama zaman hukuncinsa, ana sabuntawa duk shekara. Har aka daina amfani da sashen mutum ɗaya tak aka tsare da shi, shi ya sa ake ce masa sashen Sobukwe. Helen Suzman ce kaɗai a majalisar ta jefa ƙuri'ar ƙin dokar. Aka kai shi tsibirin Robben, amma ba cikin fursunoni ba, wani ɗan gida aka ba shi shi kaɗai a kewaye da waya, yana sa kayansa na gida, yana da littattafai, har ya yi digirin tattalin arziki na jami'ar Landan ta wasiƙa, sai dai ba abokin magana. Su Mandela da aka kawo a 1964 suna fasa dutse suna shan wahala amma suna tare, suna gardama suna dariya. Shi kuwa shekara shida. Waɗanda suka zauna a tsibirin suna ba da labarin cewa in an wuce da su kusa da wayar sai ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya bar ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa, gaisuwarsa kenan. Da Suzman ta ziyarce shi ya ce mata ya fara manta yadda ake magana. Wannan mutumin da harshe ne sana'arsa.

A 1969 aka fito da shi aka kai shi Galeshewe, unguwar baƙar fata a Kimberley, garin da ba nasa ba, aka yi masa ɗaurin talala. Awa 12 kullum a cikin gida, ba ya fita daga gundumar, ba ya shiga taro, jarida ba ta da ikon buga maganarsa. Jami'ar Wisconsin a Amurka ta ba shi aiki, gwamnati ta ba shi takardar fita ta ba-dawowa amma ta ƙi sassauta dokar da ta hana shi barin Kimberley, wato an ce ka tafi amma ba ka da izinin zuwa filin jirgi, kotu kuma ta goyi bayan gwamnati. Bai zauna ba, ya karanta lauya ya buɗe ofishinsa a 1975 yana kare talakawa.

A 1977 jikinsa ya fara. Wanda aka hana fita daga gunduma ba ya cewa gobe zan tafi ganin ƙwararre, sai ya rubuta takarda ya jira izini, kuma an ja masa rai, sai da abokinsa ɗan jarida Benjamin Pogrund ya shiga ya fita kafin a bar shi ya je Johannesburg bisa sharuɗɗa. Da aka duba kansar ta riga ta yi nisa. Aka kai shi asibitin Groote Schuur a Cape Town aka yi masa tiyata, asibitin da aka yi dashen zuciya na farko a duniya a 1967, ka ga ba ƙwarewa ce ƙasar ta rasa ba. Likitocinsa sun roƙi a ɗage masa takunkumin saboda tausayi, aka ƙi. Ya rasu a asibitin Kimberley ranar 27 ga Fabrairu 1978, aka binne shi a Graaff-Reinet ranar 11 ga Maris. Matarsa ta tsaya gaban hukumar gaskiya da sasantawa a 1997 ta ce ita ta yi imani hukuma na da hannu a lalacewar lafiyarsa, har ta yi maganar garin gilashi a abincinsa a tsibirin.

To wa ya kashe shi? A matsayina na likita zan ce maka kansa ce ta tsayar da numfashinsa. Gilashi a abinci zai yi wa hanji illa amma ba ya haifar da kansar huhu, kaɗaici da baƙin ciki ma, duk da irin ɓarnar da suke yi wa mutum, ba sa cikin abubuwan da ke haifar da ita. Amma wannan bai wanke gwamnatin ba ko kaɗan, sabida a wannan cutar lokaci shi ne magani, balle a 1977 da babu magungunan yau, wuƙar tiyata da gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, su ne kusan duk abin da ake da shi, kuma wuƙar tana aiki ne kawai in an zo da wuri. Tun 1933 Evarts Graham ya cire wa wani likita huhu guda saboda kansa a St. Louis, mutumin ya ƙara shekara 30 a duniya, har Graham ɗin ya riga shi rasuwa, don shi ma mashayin taba ne kuma kansar huhu ta kashe shi a 1957. Wato shekara 44 kafin ciwon Sobukwe an san ana warkewa in an kama ta da wuri. Wanda ya riƙe makullin ƙofa ya sa mara lafiya jiran hatimi, ya kuma ƙi sake shi ko da ya ga mutuwa ta zo, ni a wurina yana da kaso a cikin jinin, ko da ba shi ya dasa cutar ba. Kuma ko da an ce ba za ta warku ba, hana mutum ya yi jinyar ƙarshe cikin mutunci zalunci ne mai zaman kansa.

Yau abubuwa sun canza. Ana raba cutar mataki huɗu. A na 1 da na 2 ana yanke kashin huhun da abin yake, mutum ya rayu da sauran lafiya lau, wani lokaci a bi da kemo. A na 3 yawanci gashi da kemo ake haɗawa. A na 4 ba a cika maganar warkewa ba, ana maganar tsawaita rai da sauƙi, amma ko nan an samu ci gaba, tun 2004 aka gano wasu masu adinokasinoma suna da wani canji a ƙwayar halitta da ake kira EGFR, su ƙwaya ɗaya ake ba su kullum irin su gefitinib ko osimertinib, ƙarin ya motse, wasu su yi shekaru suna harkokinsu, kuma daga 2015 aka fara magungunan da ke tada garkuwar jiki ta yaƙi kansar. Suna da tsada ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba, amma ba a ma san wanda za su yi wa aiki ba sai an gwada naman. A Amurka har hoton CT, wanda ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla, suke yi duk shekara wa 'yan 50 zuwa 80 da suka sha taba mai yawa, tun ba tari, sabida binciken 2011 ya nuna hakan yana rage mutuwa da kusan kashi 20 cikin 100.

Yanzu Baba. Kar ku tsayar da maganin tibi da kanku, in tibin ne tsayarwar za ta ƙara ɓata abu. Ku koma inda aka ɗora shi a kan maganin da katinsa da duk hotunan ƙirjin da aka taɓa yi, tsoho da sabo, ka tambaya cikin ladabi, shin gwajin kaki na GeneXpert ne ya tabbatar da tibin ko daga hoto aka yanke? A sake gwajin, kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, kuma yana nuna ko ƙwayar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi. A duba suga da HIV tunda su ma suna hana tibi jin magani. A sake hoton ƙirji a jera shi da na farko, in inuwar tana nan ko ta ƙaru to a rubuta muku takarda zuwa asibitin koyarwa wurin likitan ƙirji, a yi CT. In an ga ƙari mataki na gaba shi ne ɗebo ɗan nama a duba, ko ta siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanci bayan an fesa maganin kashe zafi, ko da allura ta gefen ƙirji, ko daga kaluluwar wuya in akwai, wannan ya fi sauƙi. A nan ne dangi ke cewa ciwon daji, wato kansa, ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya fantsama. Ba haka ba ne, abin da ke faruwa shi ne ana zuwa ne bayan ya riga ya bazu sai a ɗora wa allurar laifi, kuma ba wanda zai ba Baba maganin da ya dace ba tare da an san sunan abin da ke jikinsa ba.

In ya yi tarin jini da yawa, ko fuska da wuya suka kumbura musamman da safe, ko ƙafafu suka mutu ko fitsari ya riƙe, ko ya fara ruɗewa ko farfaɗiya, wannan ba a jiran ranar kilinik, sashen gaggawa za ku nufa ko tsakar dare ne.

Dan Allah kar kowa ya tsaya yi masa gori a kan tabar da ya sha, ya riga ya bari, kuma zamanin da ya fara ana tallarta a rediyo ne. A hana shan taba a gidan, a nisanta shi da hayaƙin murhu da na janareta. In sakamako ya fito ba yadda ake so ba kar ku haɗa baki ku ɓoye masa, dattijo ne, yana da bashi da wasiyya da mutanen da yake son ganawa da su, haƙƙinsa ne ya sani, a faɗa masa a hankali gwargwadon yadda ya tambaya. Ko an ce ta yi nisa akwai aiki da yawa, ana zuƙe ruwan ƙirji numfashi ya dawo, gashi kaɗan yana kwantar da ciwon ƙashi da zubar jini, akwai mofin na sha, maganin kashe zafi mai ƙarfi da likita ke rubutawa wanda ke sa mutum ya yi barci ya yi sallarsa, kar ku ji tsoron wai zai zame masa jaraba. Addu'a da rubutu ku yi ta yi, amma kar a ce a tafi ƙauye a gwada na gargajiya wata biyu sannan a dawo. Ranar da za ku je ku tafi da mutum ɗaya mai rubutu ya riƙa rubuta abin da likita ya ce, ku karɓi kwafin kowane sakamako ku ajiye a jaka ɗaya, in an yi CT ku karɓi faifan ba takardar rahoton kaɗai ba.